Amsa: Me zan ba masu kwana a tasha da ƙarƙashin gada?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka taimaki masu kwana a waje, da kuma abin da za ka ba su. Ya dace ƙwarai, musamman a hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu.

Fara tambayar mutum abin da yake buƙata. Sanyin ƙasa ya fi na iska cutarwa, don haka haɗa bargo da tabarma, ko kwali mai kauri. Bargon gwanjo ya fi, domin sabo yakan jawo masa ɓarayi. Ƙara rigar sanyi, silifa, sabulu da man basilin saboda faso.

Kada ka ba da ɗanyar shinkafa, ba shi da tukunya balle murhu. Kai koko da ƙosai da safe, ko ka biya mai shayin wurin kuɗin mako guda, ka nuna masa mutumin.

Rabo daga cikin mota yana haddasa turmutsutsu, masu ƙarfi su kwashe, tsofaffi su tashi hannu rabbana. Ka bi ta hannun liman ko mai unguwa. Kada ka ɗauki hotonsu.

Mai taɓin hankali kuwa asibiti yake buƙata, irin na Dawanau a Kano.