Tambaya da Amsa: An ba ɗiyata saikoloji, ita kuwa kwamfuta take so

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni shinkafa nike saidawa nan Argungu. Ɗiyata ta zana JAMB da burin karatun kwamfuta, ta ce ƙirƙirarriyar basirar nan da ake kira AI take son koyo, sai jami'a ta ba ta saikoloji, wai ilimin halayyar ɗan Adam. Yau kwana uku ba ta cin abincin kirki, ta ce gara ta zauna gida ta jira baɗi. Malam mi ya haɗa wanga karatu da kwamfuta? In bar ta ta jira ko ta tafi?
Wani uba, Argungu, jihar Kebbi

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa yarinya albarka. Ni dai shawarata ta tafi, kuma don Allah ka kira ta ku karanta wannan tare.

Akwai wani Bature ɗan Ingila, Geoffrey Hinton, an haife shi a 1947, shi ne mutane ke wa laƙabi da uban gidan AI. To digirinsa na farko a jami'ar Kambirij a 1970, saikoloji ne, wannan dai da ɗiyarka ke wa kuka. Har aikin kafinta ya taɓa bayan ya gama, kafin ya je Edinbura ya yi digirin dakta a 1978. Abin da ya hana shi barci tun farko shi ne, wai ta yaya ƙwaƙwalwar mutum take koyon abu?

Ka duba ƙaramin yaro a tsakar gidanka Alhaji. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya karanta masa doka cewa akuya wutsiyarta sama take tunkiya kuma tata ƙasa, a'a, shi dai ya ga tunkiya ya nuna da yatsa ya ce akuya, uwarsa tana tankaɗe ta ce kai, tunkiya ce wannan, gobe ya sake kuskure a sake gyara masa, kafin ka ankara ko daga nesa ya hango ya san wacce ce. A zamanin da Hinton ya fara bincikensa yawancin masana sun tafi a kan cewa sai an rubuta wa kwamfuta dokoki ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa Hinton ya kafe a kan a gina mata wani abu mai kama da saƙar jijiyoyin ƙwaƙwalwa, a yi ta nuna mata misalai tana kuskure ana gyarawa. A 1986 shi da David Rumelhart, wanda shi ma masanin saikoloji ne, da Ronald Williams suka fitar da takarda a mujallar Nature, suka nuna yadda ake bin sawun kuskuren a koma baya, kowace mahaɗa ta cikin saƙar nan a ɗan gyara ta gwargwadon laifinta.

Ya sha jira wallahi, don kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfi. Sai a 2012 shi da ɗalibansa biyu a jami'ar Toronto ta Kanada, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever, suka shiga gasar koya wa kwamfuta gane hotuna sama da miliyan 1, kuskuren kwamfutarsu ya tsaya wajen kashi 15 cikin 100, na biye da su kashi 26. Daga nan kowa ya dawo hanyarsa. Ya samu kyautar Turing ta 2018, babbar kyautar masana kwamfuta, sannan Nobel ta fiziks a 2024 tare da John Hopfield. Amma ni abin da ya fi burge ni almajiransa ne, don mu a nan ma da almajiran da suka zama malamai ake gane babban malami. Sutskever ɗin nan yana cikin waɗanda suka kafa OpenAI a 2015, kamfanin da ya yi ChatGPT, manhajar AI ɗin nan mai amsa tambayoyi, wataƙila ma tana cikin wayar ɗiyarka yanzu haka.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba 'yata, saikoloji kaɗai ba zai kai ki ba. Lissafi dole ne. In kin shiga ki riƙe kwas ɗin ƙididdiga da hannu bibbiyu, shi ne wanda ɗalibai suka fi gudu, kuma ki fara koyon yaren kwamfuta na Python tun zangon farko, ana samun darussansa kyauta a intanet. Jami'o'i da dama kuma suna barin ɗalibi ya canza sashe bayan shekarar farko in makinsa ya yi kyau, ki tambaya tun ranar rajista.

Kai kuma Alhaji, in kaka ta yi an sai da shinkafa, a daure a saya mata laftof ko da na hannu ne.