Kwamfuta za ta iya hana satar kuɗin gwamnati?

Tambaya: Malam, a fadarmu ta shayi mun ji wani mai sharhi kan siyasa a rediyo yana cewa duk ƙasar da ta zuba lissafin kuɗinta cikin tsarin nan na blokcen, sata ta ƙare, ko dala ba za ta ɓace ba, kuma talaka zai ga komai a salularsa. Gardama ta kaure tsakaninmu har dare. Gaskiya ne? Daga wani mai sayar da hatsi, Kasuwar Dole, Damagaram.

Amsa: Ɗan'uwa, maganar tasa akwai gyara, kuma gyaran babba ne. Blokcen, wanda aka sani da kuɗin Bitcoin tun 2009, kundi ne da ake ajiye kwafinsa a kwamfutoci masu yawa, don haka goge abin da aka riga aka rubuta yana da wuya ƙwarai. Iyakar aikinsa ke nan.

Kai ɗan kasuwa ne, za ka gane da sauri. Ka aiki yaronka ƙauye, ya sayo buhun gero jaka 20, ya dawo ya rubuta maka jaka 30 da tawadar da ba ta gogewa. Littafin ya kama shi? Ai sai dai ya adana ƙaryar da kyau. Mai kama shi shi ne wanda ya san farashin gero a kasuwar ran nan.

Ban ce na'ura ba ta da amfani ba. A Najeriya, a 2016, an gwama jerin masu albashi da lambar BVN ta banki, aka cire sunaye sama da 23,000 na ma'aikatan bogi. Irin wannan aikin kwamfuta gwana ce, don gano suna ɗaya da ya fito sau biyu ba ya ba ta wahala. Amma dubi binciken da aka yi a ma'aikatar tsaron ƙasarmu Nijar a 2020, wanda ya nuna asarar kusan miliyar 76 na sefa. Ta ina kuɗin suka bi? Ta ƙarin farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Kwamfutar Yamai za ta iya nuna an gina aji na siminti, alhali yara suna zaune a ƙasa cikin ajin zana. Sai wani ya taka ya je ƙauyen ya gani da idonsa.

Abin da ya fi damuna shi ne cewar da mai sharhin ya yi talaka zai ga komai. Wa zai nuna masa? Gwamnati ce ke zaɓar abin da za ta buɗe da wanda za ta kulle, kuma doka ce ke tilasta mata. Tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar a 2023, a aya ta 150, ya ce a buga kwangilolin ma'adinai da kuɗin da kowane kamfani ya biya a jaridar hukuma. A 2011 kuma aka yi dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun ma'aikatu. Babu ɗaya daga cikinsu da ta jira blokcen.

Ga matatar man fetur ta SORAZ nan a hanyar Tanut, tana aiki tun 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Idan aka sake buɗe layin waya a shirin, ka kira ka tambayi mai sharhin a wace takarda mutumin Damagaram zai karanta kason da jiharsa ke samu daga man, kuma idan ya nema aka hana shi, gaban wa zai kai ƙara.