Amsa: Littafin Oyinkan ya cancanci a saya?

'Yar uwa kin tambaya ko My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite ya cancanci kuɗinki, ni dai na ce ki saya. A Legas labarin yake, Ayoola na kashe samarinta da wuƙar babansu, yayarta Korede nas ce, ita ke zuwa ta goge jini su ɓoye gawa. Inda ya fi taɓa ni wallahi shi ne Korede zaune gefen majinyacin da ya yi doguwar suma tana zayyana mai sirrinta. Babi gajeru, dare ɗaya kin gama.

Amma fa 'yan sandan ba su da wani kataɓus, ba a tona mana zuciyar Ayoola sosai ba, ƙarshen kuma an yi gaggawa.