Bayan Afganistan, ina Amurka za ta nufa da yaƙin ta'addanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Gusau. A majalisarmu kullum muna gardama kan ƙasar da Amurka za ta faɗa wa nan gaba da sunan yaƙi da ta'addanci. Wasu sun ce Mali, wasu Yaman, wasu ma sun ce mu ne. A ganinka ina ta dosa? Kuma za mu ga sojojinta birjik a ƙasa kamar yadda aka yi a Iraƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da ƙarshen tambayarka, don nan ya fi sauƙi. Irin mamayar da aka yi wa Afganistan a Oktoban 2001 da Iraƙi a Maris na 2003, ta tankoki da dubun dubatan sojoji da naɗa sabuwar gwamnati, ban hango ta nan kusa ba. Shekara ashirin Amurka ta yi a Afganistan, ta rasa sojoji sama da 2,400, amma ranar 15 ga Agustan 2021 Taliban ta shiga Kabul tun jiragen Amurka ba su gama kwashe mutanensu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Salon ne ya sauya. Yanzu aikin na jirage marasa matuƙa ne, da makamai masu linzami daga teku, da 'yan ɗaruruwan sojoji masu horar da dakarun gida. Ka tuna yadda aka kashe shugaban Alƙa'ida, Ayman al-Zawahiri, ranar 31 ga Yulin 2022: yana tsaye a barandar wani gida a Kabul makami ya same shi daga sama, alhali ba sojan Amurka ko ɗaya a ƙasar. Kuma dokar da majalisarsu ta yi a Satumban 2001, wadda ta ba shugaban ƙasa izinin yaƙar Alƙa'ida, har yau da ita ake kafa hujja.

In ka matsa mini in ambaci ƙasa ɗaya, Somaliya zan ce. Can ne duk abin da Amurka ke buƙata ya haɗu. Tana da sansanin Lemonnier a Jibuti tun 2002, tafiya kaɗan ta sama. Gwamnatin Mogadishu da kanta ke neman taimakon. Ƙungiyar Alshabab da ke yaƙar gwamnatin ta yi wa Alƙa'ida mubaya'a a 2012, kuma ta taɓa Amurkawa kai tsaye, domin a Janairun 2020 ta kashe uku daga cikinsu a sansanin Manda Bay da ke Kenya. Ga kuma mashigin Babul Mandab a kusa, inda jiragen kasuwancin duniya ke bi zuwa Suwez. Trump ya janye sojoji kusan 700 a ƙarshen wa'adinsa na farko, Biden ya mayar da wasu a Mayun 2022, shi Trump ɗin kuma da ya dawo, a ranar 1 ga Fabrairun 2025 ya sa aka yi wa mayaƙan IS luguden wuta a duwatsun Puntland. Gwamnati na zuwa tana wucewa, Somaliya na nan a cikin lissafi. Sai dai ko can ba za su sa ƙafa da yawa ba, don ba su manta da Oktoban 1993 ba, lokacin da aka kashe musu sojoji 18 a titunan Mogadishu. Yaman kuwa ta sha wuta a 2024 da 2025, amma rigimar jiragen ruwa ce ta jawo, kuma za ta iya tashi duk ranar da 'yan tawayen Huthi suka koma harbin jiragen.

Abokanka da suka ce Mali suna da hujja. A yankin Sahel ta'addanci ya fi zubar da jini a 'yan shekarun nan, kuma ƙungiyar JNIM ta Iyad Ag Ghali, reshen Alƙa'ida a yankin, ta kai ga tare tankokin mai a hanyar Bamako a 2025 har birnin ya shiga matsi. Amma yawan gawa ba shi ke jawo Amurka ba, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Ban da haka ma, ba ta da wurin tsayawa. Ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas ta Nijar, sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. A Maris na 2024 gwamnatin Janar Tiani ta soke yarjejeniyar soja, kafin ƙarshen Satumba Amurkawa sun tattara komatsansu. Faransa ta riga su fita, Rasha kuma ta shigo Mali da Nijar da Burkina Faso. Wanda ba shi da masauki a gari, da wuya ya yi dogon zama.

Saura mu. A nan ba hasashe nake yi ba, abin ya riga ya faru. A farkon Nuwamban 2025 Trump ya yi barazanar ɗaukar matakin soja a Najeriya bisa zargin ana kashe Kiristoci, kuma a daren 25 ga Disamba Amurka ta harbo makamai jihar Sakkwato, gwamnatin tarayya ta ce da saninta da haɗin kanta. Mutanen Jabo da ke ƙaramar hukumar Tambuwal sun wayi gari da tarkacen makami a gonakinsu. Ka lura da abin da ya jawo harin: a ganina siyasar cikin gida ta Amurka ce, da matsin lambar masu jefa ƙuri'a a can, fiye da wata barazana da Lakurawa, mayaƙan da ke yankin, ke yi wa Washington. Tunda wannan matsin bai gushe ba, ina ganin za a iya maimaitawa, a arewa maso yamma ko a tafkin Chadi inda ISWAP take.

Abin da ke hana ni barci a nan shi ne bayanan sirri. Kai ɗan Zamfara ne, ka san yadda dajinmu yake: ɗan bindiga da makiyayi da manomi da wanda aka sace duk a kurmi ɗaya suke kwana, a rijiya ɗaya suke shan ruwa. Wanda ke kallon allo daga nesa babura kawai yake gani da taron mutane. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, a Disamban 2023, jirgi maras matuƙi na sojojinmu ne, waɗanda suka san ƙasar, ya faɗa wa masu Mauludi ya kashe sama da mutum 80. Don haka in ku ka koma gardama a majalisa, ku sa ido kan abu biyu: wace ƙasar maƙwabta ce za ta ba Amurka filin tashin jiragenta a madadin Agadas, kuma wane ne zai riƙa nuna mata inda za ta harba.