Tambaya da Amsa: Yaron da Ke Tsufa Tun Yana Ƙarami

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ɗan ƙanwata shekararsa uku, gashin kansa ya zube, fatarsa ta tattare, fuskarsa kamar ta dattijo. A gida wasu na cewa iska ce, wasu na ɗora wa uwar laifi. Na ga hoton irinsa a Facebook, an ce cutar tsufa ce. Mene ne gaskiyar lamarin? (Wata mai karatu daga Gusau)

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba shi lafiya. A fara da abin da ya fi kusa. A ƙasarmu, yaron da ya rame har fuskarsa ta koma ta tsoho, galibi tamowa ce ke damunsa, ko doguwar jinya irin tarin fuka. A kai shi asibiti a auna kaurin damtsensa. Idan bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ce mai tsanani, kuma tana warkewa.

Cutar da kika gani sunanta furojeriya, kuma ba ta da yawa ko kaɗan: jariri ɗaya take samu cikin miliyan 4 zuwa 8. Likitocin Ingila biyu, Jonathan Hutchinson a 1886 da Hastings Gilford a 1897, su suka fara bayyana ta, amma sai a 2003 aka gano tushenta.

Kowace ƙwayar halitta a jiki tana da cibiya inda ake ajiye DNA, wato kundin umarnin halitta da ake gada daga iyaye. Wani furotin mai suna lamin A shi ke riƙe bangon cibiyar daga ciki, kamar yadda azara ke riƙe rufin soro. Umarnin ƙera shi yana cikin ƙwayar gadon LMNA da ke kan kuromosom (wato ƙunshin DNA) na 1. Idan an ƙera shi, sai a liƙa masa wata jela ta maiƙo, farnesil, wadda ke kai shi jikin bangon. Da ya isa, wani sinadari mai aikin almakashi, ZMPSTE24, ya datse jelar, shi kuma ya zauna a gurbinsa.

A mafi yawan masu furojeriya harafi ɗaya tak ne ya sauya a wannan umarni, a gurbi na 1824, C ya koma T. Sauyin kan sa ƙwayar ta ga alamar yanka a inda babu ita, ta zubar da haruffa 150. Furotin ɗin sai ya fito da giɓin tubala 50 daga cikin waɗanda ake gina shi da su, ciki har da wurin da almakashin zai kama. Jelar ba ta yankuwa ke nan. Wannan gurgun furotin, furojerin, ya manne a bango yana taruwa, cibiya ta lotse, ƙwayoyi su gaza rabuwa yadda ya kamata su mutu da wuri. Inda ɓarnar ta fi muni shi ne bangon jijiyoyin jini, shi ya sa bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka fi kashe yaran. Idan babu magani, matsakaicin shekarunsu 14 da rabi ne.

Ana haihuwarsu lafiya lau. Cikin shekarar farko girma ya tsaya, fatar ciki da cinya ta yi tauri, gashi ya zube har da gira, jijiyoyin kai su fito fili, haɓa ta ƙanƙance, murya ta sirance, haƙora su makara. Basirarsu kuwa ba ta taɓuwa, don haka hana su makaranta zalunci ne. Gwajin jini na LMNA kaɗai ke tabbatar da cutar, kuma gidauniyar Progeria Research Foundation ta Amurka, wadda aka kafa a 1999, tana karɓar samfuri daga ƙasashen waje ta hannun likitan yaro.

Batun uwa kuma, a sauke mata wannan nauyi. Kuskuren sabo ne, yakan auku kwatsam, galibi a ƙwayar maniyyi, ba tare da iyayen suna da cutar ba. Ba abin da ta ci ko ta aikata da ya jawo shi.

TAMBAYA: Likita, ɗiyar baffana zan aura. Auren zumunci yana kawo irin wannan cuta? (Wani mai karatu daga Maraɗi)

AMSA: Malam, furojeriya ba ruwanta da auren zumunci. Amma tana da 'yan uwa biyu da sai yaro ya gaji lalatacciyar ƙwayar gado daga uwa da uba duka, lissafi irin na sikila: idan ku biyun kuna ɗauke da ita, kowane ciki na da haɗarin kashi 25 cikin 100. Dangi sun fi yiwuwar ɗaukar iri ɗaya.

Ta farko cutar Werner, wadda Otto Werner ɗan Jamus ya bayyana a 1904, kuma an fi ganinta a Japan. Ƙwayar gadon WRN da ke kuromosom na 8 ce ke lalacewa, wadda aikinta warware igiyar DNA don a kwafa ko a gyara. Yaro na tasowa lafiya, sai dai ba ya yin tsayin balaga. Daga shekara 20 furfura ta fito, sai yanar ido a idanu biyu, ciwon suga, gyambon idon sawu mai wuyar warkewa, da ciwon daji. Yawancinsu sukan rasu da shekara hamsin da 'yan kai.

Ta biyu cutar Cockayne, daga lalacewar ƙwayoyin gado ERCC6 ko ERCC8 masu gyaran DNA. Ita tana taɓa ƙwaƙwalwa: ƙaramin kai, zurmawar idanu, raunin ji da gani, ga fatar da rana ke ƙonawa nan da nan. A kiyaye wannan: kada a ba mai Cockayne maganin metronidazole, wato Flagyl ɗin da muke saya a kemis da zarar an yi gudawa. Yana iya kashe masa hanta.

Duka biyun ba su da yawa. Idan ba a taɓa ganin irinsu a zuriyarku ba, gwajin sikila ya fi muku gaggawa.

TAMBAYA: Furojeriya tana da magani? (Wani malamin jinya daga Kaduna)

AMSA: Babu mai warkarwa, akwai mai rage gudunta. A Nuwamba 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da lonafarnib, wanda ke hana liƙa jelar farnesil tun farko. Ana shan sa sau biyu a rana, ana farawa da miligiram 115 kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, bayan wata huɗu a kai 150. A binciken da aka yi ya ƙara wa yara kusan shekara biyu da rabi. Amai da gudawa yakan sa, kuma yana da tsadar gaske.

Abin da ke hannunku shi ne duba zuciya da hawan jini a kai a kai, asfirin kaɗan idan likita ya rubuta, abinci mai ƙarfi kaɗan-kaɗan sau da yawa, da takalmi mai laushi, tunda tafin ƙafarsu ba kitse. Ruwan sha kuma kada ya yanke, musamman da bazara ko lokacin zazzaɓi, domin jijiyoyinsu sun riga sun ƙuntata kuma ƙarancin ruwa na iya jawo shanyewar jiki.