Tambaya da Amsa: Jan Jirgi Mai Fukafukai Uku

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni kafinta ne a Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina, kuma ina da yara masu koyon sana'a. Kwanan baya ɗaya daga cikinsu ya nuna mini bidiyo a Facebook na wani jan jirgin sama mai fukafukai uku, wani bisa wani, an ce na Yaƙin Duniya na Ɗaya ne. Shin jirgin da ya haura shekara ɗari zai iya tashi har yanzu? Kuma na ji an ce da katako da yadi ake yin su. In haka ne, me zai hana mu ƙera irinsa a shagonmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Jirgin da ka kwatanta shi ne Fokker Dr.I na Jamusawa, wanda ya shiga fagen fama a 1917. Guda 320 aka ƙera, kuma ya yi suna ne saboda matuƙin nan Manfred von Richthofen, wanda ya harbo jirage 80 kafin a kashe shi ranar 21 ga Afrilu, 1918. Yau babu ko ɗaya na asali da ya rage, domin wanda aka ajiye a gidan tarihi a Berlin ya salwanta a ruwan bama-bamai na Yaƙin Duniya na Biyu. Saboda haka wanda ka gani sabon ƙira ne, aikin masu sha'awa. Wannan ba ya nufin tsohon jirgi ba ya tashi, don a ma'ajiyar jirage ta Shuttleworth da ke Ingila akwai jirgin Blériot na 1909 wanda har yanzu akan tashe shi idan iska ta kwanta.

Masu wannan ƙira ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Akwai waɗanda ba su yarda a sauya ko ƙusa ɗaya ba, suna bin zanen masana'anta na asali sau da ƙafa. Kamfanin The Vintage Aviator na ƙasar Niyu Zilan, wanda mai shirya fina-finai Peter Jackson ya kafa, har injinan zamanin yake sake ƙerawa daga tushe. A Ingila kuwa wasu 'yan sa-kai sun shafe shekara da shekaru suna haɗa jirgin Sopwith mai fukafukai uku, aikin ya yi kyau har Thomas Sopwith, mai kamfanin asali, ya ce a lissafa shi cikin jiragen masana'antarsa. Sai kuma masu sauƙaƙawa, waɗanda suka fi yawa, musamman a Amurka: sukan sayi kayan haɗi daga kamfani irin Airdrome Aeroplanes da ke jihar Misuri, firam na bututun alminiyom, sau da yawa girmansa kashi uku cikin huɗu na asali, su ɗora masa injin Volkswagen. Daga nesa kamannin ɗaya ne, amma da inji ya tashi, wanda ya san abin zai bambance.

Batun katako da yadi gaskiya ne, kuma da yawa daga cikin aikin ba zai gagari kafinta mai haƙuri ba. Fiffike haƙarƙari ne na siraran katako da aka jera a kan doguwar ƙashin baya, a lulluɓe da yadin lilin, a ɗinke shi da doguwar allura a jikin kowane haƙarƙari, ƙulli bayan ƙulli, don kada iska ta ɗaga shi. Daga nan a shafa wani ruwa mai kama da fenti wanda yake ɗame yadin har in ka ƙwanƙwasa ya amsa. Masu ƙirar yanzu sun fi amfani da yadin roba, wanda ake ɗamewa da dutsen guga a kan zafin da aka auna. Gangar jikin Fokker kuwa bututun ƙarfe ce da aka yi wa walda, don haka sai ka nemi mai walda na ƙwarai. Duk jirgin, ba mai ba matuƙi, kilo 406 ne, wato bai ɗara Keke Napep da wani abin kirki ba.

Wannan rashin nauyi shi ne matsalarka ta farko. Katakon da ake so shi ne na itacen sifurus da ke fitowa a Kanada da Alaska, saboda ƙarfinsa ya fi ƙarfin nauyinsa, kuma kowane falanki sai an duba cewa jijiyarsa ta miƙe, babu ƙulli, kafin a karɓa. Maɗaci da loko da kuke yin ƙofa da gado da su suna da ƙwari, amma nauyinsu ya yi yawa. Gam ma ba na kasuwa ake sawa ba. Ga kuma yanayinmu: hunturu yana busar da katako har ya tsage, damina ta kumbura shi, gara tana jira, rana kuma tana cin yadi idan ba a shafa masa fenti mai garin alminiyom ba.

Inji ya fi duk waɗannan wuyar sha'ani. A injin mota, jikin injin yana tsaye ne, karanshaf, wato sandar ƙarfen da ke tsakiyar injin, yana juyawa a ciki. A yawancin waɗannan jirage kuwa an juya lamarin: karanshaf ne aka ɗaure a jikin jirgi, silinda tara da farfela suna wulwulawa tare a kansa, iska tana sanyaya su. Man zurma ake zubawa a matsayin baƙin mai, domin ba ya narkewa cikin fetur, kuma ba ya komawa tanki, fita yake yi ya fantsama a fuskar matuƙi. Nauyin ƙarfen da ke wulwulawa yana fizgar jirgin gefe guda, shi ya sa Sopwith Camel na Ingila, mai ƙarfin doki 130, yake juyawa dama kamar walƙiya amma yake nawa wajen juyawa hagu, kuma ya hallaka ɗalibai masu yawa tun ba su ga abokan gaba ba. Burki babu, sai wani guntun katako a wutsiya da ke jan ƙasa, kuma da hannu ake murza farfela a tayar da inji.

A ganina, Malam, kada ka fara da niyyar tashi. Doka ba ta yarda wani jirgi ya tashi a Najeriya ba sai da rajista da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, matuƙin kuma sai da lasisi, irin wanda ake samu bayan horo a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Abin da ya dace da shagonka shi ne cikakken samfuri na nuni wanda ba ya barin ƙasa, inda obece da filawud za su wadatar, yaranka kuma su koyi aunawa da milimita. Kada kuma a raina jirgin haɗi: Air Beetle da sojojin samanmu suka yi horo da shi, an haɗa shi ne a Kaduna bisa samfurin Van's RV-6A, wanda masu sha'awa a Amurka suke haɗawa a garejin gidajensu.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Daura. Ko irin waɗannan jirage sun taɓa zuwa ƙasar Hausa?

Amsa: Malama, danginsu sun zo. Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojojin saman Ingila suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar, suna ya da zango a hanya, kuma su ne jirage na farko da suka zo Najeriya. Samfurinsu DH.9A ne, mai fukafukai biyu da mazaunin mutum biyu, wanda aka ƙera a 1918 don jefa bam, saboda haka ya fi Fokker girma da nauyi nesa ba kusa ba, duk da cewa shi ma katako ne da yadi da waya. Jagoran tafiyar, Arthur Coningham, ya tuƙa ƙananan jiragen yaƙi masu harbo jiragen abokan gaba a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Lokacin Kano ba ta da filin jirgi, don haka a filin wasan dawaki suka sauka.