Diyonisas da addinan asiri na Girkawa: me ya mutu, me ya rage?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Tun bikin buɗe gasar Olamfik ta Paris a 2024, da aka fito da wani mawaƙi an shafe jikinsa da shuɗi yana kishingiɗe cikin furanni da 'ya'yan itatuwa, nake jin sunan Diyonisas. Wasu sun ce gunkin giya ne na Girkawan da. Wasu sun ce daga bautarsa ƙungiyoyin asiri na yau suka samo tushe, har na ji mai cewa Kiristanci ma can ya ɗebo wasu abubuwa. Wane ne shi, kuma ina gaskiyar waɗannan maganganu? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maganganu uku ka kawo, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta farko gaskiya ce amma ba ta cika ba. Ta biyu ba ta da madafa a tarihi. Ta uku akwai ɗan abin kamawa a cikinta, sai dai an hura shi ya wuce kima.

Diyonisas, wanda Rumawa suka fi kira Bakkus, yana cikin tsofaffin ababen bautar Girkawa. Masana sun daɗe suna ɗaukarsa baƙo da ya shigo daga baya, domin a tatsuniyoyinsa kullum daga wata ƙasa yake isowa yana neman a karɓe shi. Sai a 1952 Michael Ventris ya warware wani tsohon rubutu da aka tono a kan allunan yumɓu, daga bisani aka tarar da sunan a allunan garin Pilos na kudancin Girka da na tsibirin Kirit, waɗanda aka rubuta wajen ƙarni na 13 kafin Miladiyya. Ashe ɗan gida ne tun tale-tale. Baƙuntarsa hali ce da suka ba shi, domin abin da yake zuwa da shi ba ya neman iso, faɗo wa mutum kawai yake yi.

A tatsuniyarsu, ubansa Zeyus ne, babban abin bautarsu, uwarsa kuwa 'yar adam ce, Semele, 'yar sarkin Tibis. Ta ƙone da cikinsa a lokacin da Zeyus ya bayyana mata cikin tsawa, sai uban ya ɗauke ɗan tayin ya ɗinke shi cikin cinyarsa har ya isa haihuwa. Shi ya sa suke masa kirari da wanda aka haifa sau biyu. Ka riƙe wannan, domin a kansa aka gina fatan masu asirinsa game da mutuwa.

Giyar inabi tasa ce, ba musu. A Atina ana yin idi na kwana uku a ƙarshen hunturu don buɗe tulunan sabuwar giya da sunansa. Amma Girkawa tsoron giyar suke yi kamar yadda suke sonta. Sirka ta suke yi da ruwa a babbar tukunya kafin a sha, kuma suna ganin shan ta tsagwaronta aikin baubayi ne. Abin da Diyonisas yake wakilta a wurinsu ya fi ƙoƙon giya faɗi. Shi ne duk abin da ke fitar da mutum daga hayyacinsa ya mai da shi wani daban, ko maye ne, ko kiɗa da rawa, ko hauka, ko sa abin rufe fuska a zama wani mutum a gaban jama'a.

Waɗanda suka fi shahara da bautarsa mata ne. Shekara biyu-biyu, matan wasu garuruwa sukan bar gida su hau tsauni, da fatar barewa a kafaɗa da sandar kara a hannu, su yi ta rawa da kiɗan ganga da sarewa har hankali ya gushe. Matan Delfi da na Atina kan hau tsaunin Parnasos a tsakiyar hunturu, cikin ƙanƙara. Mai karatu Bahaushe zai tuna da bori, kuma akwai kama: kiɗa ne ke kiran abin, ana cewa ya hau mutum, mata kuma suna da babban gurbi. Kamannin a nan suka tsaya, babu wata alaƙar asali. Abin lura shi ne gari ne da kansa yake tsara wannan fita. An samu dokar birnin Miletos ta 276 kafin Miladiyya a kan dutse, tana faɗin wadda za ta jagoranci matan da abin da za a biya. Wato hukuma ta ware wa fitar hayyaci lokaci da wuri don kada ta ɓarke inda ba a so. Wasan Yurifidis mai suna Bakkai, wanda aka nuna a 405 kafin Miladiyya bayan rasuwar marubucin, a kan wannan tsoro ya ginu: sarki Pentiyas ya hana bautar, ya je leƙen matan a ɓoye, uwarsa ta yayyaga shi da hannunta tana ganin zaki ta kama.

Sai batun asiri, inda aka fi samun ruɗani. Addinin gari a Girka na fili ne: a yanka dabba a gaban ɗakin gunki, a ci nama, a roƙi damina mai albarka da nasarar yaƙi. Bai yi wa mutum alkawarin komai bayan mutuwa ba. A ganinsu matattu inuwoyi ne marasa ƙarfi a wani wuri mai duhu, na kirki da mugu kusan duk ɗaya. Addinan asiri wannan giɓi suka cike. Mutum ne ke zuwa da ƙafarsa, a tsarkake shi, a nuna masa wasu abubuwa da dare, ya yi rantsuwar ba zai faɗa ba, ya koma gida ya ci gaba da bautar garinsu kamar kowa. Ƙari ne a kan addinin da yake yi, bai fitar da shi daga cikinsa ba.

Mafi girmansu na Ilusis ne, kimanin kilomita 20 daga Atina, kuma na Dimita ne, abar bautarsu ta hatsi, da 'yarta Pasifoni, sarauniyar matattu, ko da yake Diyonisas yana da gurbi a gefe. Dubban mutane ke takawa can a ƙafa kowace shekara. Mace da namiji, ɗa da bawa, kowa na iya shiga muddin yana jin Girkanci kuma bai zubar da jini ba. Gwamnatin Atina ce ke kula da shi, kuma tona shi laifin kisa ne. A 415 kafin Miladiyya an yanke wa babban kwamandansu Alkibiyadis hukuncin kisa a bayan idonsa bisa zargin ya kwaikwayi ibadar a wata walimar shaye-shaye a cikin gida. Ka ga abin ɓoyewar shi ne abin da ake gani a ciki. Sunayen masu shiga ba a ɓoye suke ba, har sarakunan Rum irin su Hadiriyan da Markus Oreliyas sun shiga a bainar jama'a.

Asirin Diyonisas shi ba shi da cibiya guda. Bokaye masu yawo gari-gari ne ke shigar da mutane, suna jingina littattafansu ga wani mawaƙin tatsuniya, Ofiyas. Abin da ya fi taɓa ni a duk wannan fage shi ne 'yan siraran faranti na zinariya da aka riƙa tsinta a kaburbura, ƙanana ƙwarai, an rubuta wa mamaci jagorar hanya a kansu. Na garin Hipponiyon a kudancin Italiya, daga kabarin wata mace wajen 400 kafin Miladiyya, yana gargaɗinta cewa za ta ga maɓuɓɓuga kusa da wata farar bishiya inda rayuka ke shan ruwa, kada ta kusance ta. Ta wuce gaba zuwa tafkin tunawa, idan masu gadi suka tambaye ta, ta ce ita 'yar ƙasa ce da sama mai taurari, ƙishirwa na kashe ta. Wasu biyu da aka samu a Pelinna, a arewacin Girka, an ɗora su a ƙirjin wata mace, suna ce mata ta shaida wa Pasifoni cewa Bakkus da kansa ya 'yanta ta. Duk wanda ya karanta waɗannan zai gane cewa mutanen nan ba mulkin duniya suke nema ba. Mutuwa suke tsoro, ba su da wahayi, suna lalube cikin duhu da abin da hankalinsu ya ba su.

Zargin makirci kuwa tsoho ne. A 186 kafin Miladiyya majalisar dattawan Rum ta auka wa masu bautar Bakkus a faɗin Italiya. Marubucin tarihi Libi, wanda ya zo bayan sama da shekara 150, ya ce mutum fiye da 7,000 abin ya shafa, kuma waɗanda aka kashe sun fi waɗanda aka ɗaure yawa. Ya jero zargin fasiƙanci da kisa da shaidar zur. Amma an tono ainihin dokar a kan farantin tagulla a kudancin Italiya a 1640, tana birnin Biyana yanzu, kuma abin da ta hana shi ne asusun haɗin gwiwa, da naɗa shugabanni, da rantsuwar juna, da taron da ya wuce mutum biyar, maza biyu mata uku, sai da izinin hukuma. A fahimtata, abin da ya tayar wa majalisar hankali shi ne jama'a masu tsari da biyayya da ba a hannunta suke ba. Bautar ma ba ta mutu ba, ga zanen bangon wani gida a Pompeyi na shaida, wanda aka yi sama da ƙarni guda bayan dokar.

Ƙarshenta ya zo ne da Kiristanci. Sarki Tiyodosiyas ya haramta bautar gumaka a 391 da 392 Miladiyya, mayaƙan Alarik, sarkin ƙabilar Got, kuma suka ratsa Ilusis wajen 396. Daga nan zuwa 1717, shekarar da aka kafa babbar majalisar ƙungiyar asiri ta Firimesin a Landan, sama da shekara 1,300 ke nan, kuma babu takarda ko rubutun dutse da ke nuna wani ya miƙa wa wani asirin a tsakani. Abin da ya faru shi ne Turawan ƙarni na 18 da na 19 sun karanta littattafan Girkawa, suka ari ado daga ciki don ƙungiyoyinsu su yi kama da tsofaffi. A 1820 wani ɗan Firimesin, Hipólito da Costa, ya fitar da ɗan littafi yana cewa Firimesin jikokin wasu magina ne mabiya Diyonisas. Ƙungiyar da yake nufi ta wanzu, amma ta 'yan wasan kwaikwayo ce da makaɗa.

Game da Kiristanci, kamannin da ake nunawa tsakaninsa da bautar Diyonisas Kiristocin farko ma sun gan su. Justin, wani malamin Kirista wanda ya yi rubutu a tsakiyar ƙarni na 2, ya ambaci Diyonisas da giyarsa, ya ce aljanu ne suka shirya kwaikwayo don su ruɗar da mutane. Masu zane sun ci gaba da amfani da kurangar inabi, kamar a rufin cocin Santa Kostanza a Rum. A Masar ta ƙarni na 5, Nonnus na Akhmim ya rubuta waƙar Diyonisas mai littafi 48, shi ne kuma ya waƙe Linjilar Yohanna. Wannan cuɗanya ce ta mutanen da ke zaune a duniya ɗaya da harshe ɗaya. Amma cewa an haifi Diyonisas ranar 25 ga Disamba ko an gicciye shi, babu wannan a rubutun Girkawa. Tushen gurasa da ruwan inabi a cocin farko yana cikin al'adar Yahudawa ta Idin Ƙetarewa. Coci kuma yaƙar sunansa ta yi: a 692 taron limamai a Kustantiniyya ya hana manoma kiran Diyonisas lokacin matsar inabi, ya hana sa abin rufe fuska na wasa, alamar cewa shekara 300 bayan haramcin bakin talaka bai saki sunan ba.

Gadonsa na gaske a fili yake. Wasan kwaikwayon Turai a idinsa aka haife shi. Kowace bazara Atina kan yi gasar wasanni a dandalin da ke gindin Akropolis, tudun ɗakunan bauta na birnin, a shigo da gunkinsa ya yi kallo, babban mai hidimarsa ya zauna a kujerar tsakiya ta sahun gaba. Can aka fara nuna wasannin Iskilas da Sofoklis da Yurifidis da Aristofanis. Daga baya masu zane da sassaƙa na Italiya, Michelangelo da Titian da Caravaggio, suka dawo da surarsa, kuma wannan sura ce ka gani a Paris. Thomas Jolly, wanda ya tsara bikin, ya ce walimar gumakan Girka yake nufi. Jama'a da dama sun ga izgili ne ga zanen jibin ƙarshe na Annabi Isa (AS) da almajiransa, Fadar Batikan da Azhar suka nuna ɓacin rai, masu shirya gasar suka ba da haƙuri. Ɓacin ran yana da dalili, amma abin da aka yi wasan dandali ne, ba ibadar asiri ba.

A 1872 Friedrich Nietzsche ya ɗauki Diyonisas ya mai da shi sunan ɓangaren ɗan adam mai maye da ɓarkewa, kishiyar Apolo mai tsari da natsuwa, kuma ta wannan tagar yawancin Turawan yau suke kallonsa. Har Najeriya zaren ya iso. A 1973 Wole Soyinka ya sake rubuta wasan Yurifidis don babban dandalin wasan kwaikwayo na Ingila, domin ya ga kama tsakanin Diyonisas da Ogun na Yarabawa, wanda a labarinsu ya sha bammi a fagen fama ya karkashe mutanensa tare da abokan gaba. Ya ƙara ayarin bayi da jagoransu a cikin wasan, ya mai da mutuwar Pentiyas fansar da sarki ya biya a madadin bawan da a da ake bugu kowace shekara don tsarkake gari.